Limitad ɗin Yaya Skola

Ni Sati, makulli nake yankawa a bakin kasuwar Samaru, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a yakan san halin mutane fiye da yadda yake so. In ka ga mutum ya zo da makulli ɗaya yana waige-waige, to ba nasa ba ne. In kuwa ka hango mace da damin makullai ɗaure a bakin zani, tana yi maka faɗa tun kafin ta tsallako titi, wannan Yaya Skola ce.

Sunanta na baftisma Scholastica, amma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai ba sai Fada, limamin cocinmu, shi ma sai ya ja numfashi tukuna. 'Yar wajen Zonkwa ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, kullum tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Mijinta Ɗanladi aminina ne, tare muke waƙa a coci. Ya yi aiki a gonakin gwaji na jami'a har ya yi ritaya, ya kwashe abin da aka sallame shi da shi ya zuba a wani ɗan fili a Hayin Dogo. Ɗaki uku ya gina, ya haƙa rijiya, ya dasa gwaba. Ya rasu ɗakin ƙarshe ko filasta ba a yi masa ba. Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka duk son da ke cikin matar nan gidan ta juye wa. Ka zage ta ta yi dariya, amma ka jingina keke a bangonta ka ga tashin hankali.

Bayan rasuwar Ɗanladi ne ta faɗa dillancin gidajen haya. Ɗalibai suka riƙa tsayar da ita a hanya suna tambayar ɗaki, ita kuwa babu lungun Samaru da ba ta san wanda ke tashi da wanda ke shigowa ba. Da ta ga abin zai ciyar da ita, sai ta tafi Sabon Gari wajen Baba Chukwuka, wani tsohon dillali da aka haifa a nan, wanda in yana Hausa a bayan labule sai ka rantse Bazazzagi ne. Shi ya koya mata duba silin, da shinshina bango don gane damshi, da leƙa sokawe kafin a leƙa falo. Shi ne kuma ya koya mata abin da ya ce ya fi duk waɗannan.

A wajen Baba Chukwuka, ba a shiga gidan da ba kowa kai tsaye. Ko makullin yana hannunka, sai ka ƙwanƙwasa, ka faɗi sunanka da inda kake kwana, ka ɗauki nauyin waɗanda ka kawo. Bai taɓa cewa aljanu ba, bai taɓa cewa fatalwa ba. Cewa yake gida yana so ya san wanda zai riƙe. Yaya Skola ta ɗauki abin hannu bibbiyu. Na sha ganinta, tsakar rana, a ƙofar ɗakin da gizo-gizo kaɗai ke ciki, ɗalibai na bayanta suna ƙunshe dariya, tana cewa:

"Ni ce Skola, matar marigayi Ɗanladi, daga Hayin Dogo. Na kawo baƙi. Duk abin da ya same su a nan, a neme ni."

Nakan tsokane ta in ce, "Yaya, ranar da aka amsa miki daga ciki, ina so in ga gudunki." Sai ta ce in kula da injina kada ya cinye mini yatsa.

A damunar 2003 aka neme ta ɗin kuwa. Bangon wani ɗaki da ta ba wani ɗalibi a bayan kasuwa ya jiƙe ya zubo masa a ƙafa, ƙashi ya karye. Mai gidan ya yi ɓatan dabo. Uban yaron ya zo da lauyansa, kuma tunda ita ce ake gani, ita aka kai wa sammaci. A harabar kotu lauyan nan ya dube ta ya ce, cikin sanyin murya, ai ya ji tana da gida a Hayin Dogo, in ba ta da abin biya akwai abin sayarwa. Ina tsaye kusa da ita, a kunnena ya faɗa. Daga baya dattawan coci suka shiga tsakani aka sasanta, yaron ya warke, magana ta mutu. Amma ita ba ta warke ba. Ta rame, ta daina tsokana, ta riƙa zagaya gidanta da safe tana shafa bango. Tausayinta ya kama ni ƙwarai a wannan lokacin.

Wata rana ta zo rumfata ta ce in rufe in raka ta Sabon Gari, an gaya mata akwai yadda ake yi wa sana'a rajista ta yadda ba mai taɓa gidan mutum. Muka hau bas muka sauka, muka hau wani bene a bayan masu sayar da kayan gyaran mota, ofishin Barista Ayodele. Matashi ne mai haƙuri, haifaffen Sabon Gari, fankarsa tana juyi tana kuka a kanmu. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce:

"Mama, hanya uku ce. Ta farko, ki yi wa sunan sana'arki rajista kawai. Ba wuya, ba ɓata lokaci. Sai dai ke ce sana'ar, sana'ar ce ke. In an kai ta kotu ke aka kai, da gidanki da tukunyarki."

"Wuce wannan, ɗana," in ji ta.

"Ta biyu, tarayya. Ki haɗa kai da wani dillali, ku raba riba ku raba wahala. Amma in abokin naki ya yi ɓarna a Tudun Wada kina zaune a Samaru, za a iya zuwa a kama ki."

Ta juyo ta dube ni. "Ka ji, Sati? In ɗauki laifina in ƙara da na dillalan garin nan? Wuce, Barista."

"Ta uku, kamfani, irin wanda ake ce wa limitad. Wannan ya fi wahala. Sai kun kai mutum biyu, kuma duk shekara akwai takardu da haraji. Amma a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa. Yana da sunansa, yana da hatiminsa, yana ƙulla yarjejeniya, yana kai ƙara, ana kai shi. In bango ya sake faɗuwa, shi za a kama da abin da ya mallaka, muddin ba ke kika yi ha'inci da hannunki ba. Gidanki yana gefe."

"Mutum kuma?"

"Mutum, Mama, sai dai ba shi da jiki. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya tsufa."

Ni dariya na yi. Ita ba ta yi ba. Ta kalli fankar, sannan ta ce a yi mata wannan ɗin. Mutum na biyu ƙaninta ne Henry, mai walda a Fatakwal, wanda ya sa hannu da ya zo Kirsimeti ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, ya koma abinsa.

Da satifiket ya fito, ta ɗauke shi da hatimin ƙarfen nan mai matse takarda ta kai wa Baba Chukwuka ya sa albarka. Lokacin tsohon ya daina fita, yana zaune a barandarsa idonsa ya yi fari. Ya shafa hatimin, ya ji nauyinsa, ya miƙa mata.

"'Yata, na ji. To in kin tsaya a ƙofa, wa za ki ce a nema?"

"Shi mana, Baba. Ai don haka aka yi shi."

"To, ina yake kwana?"

Ta ce a ofis, ta yi dariya. Sai tsohon ya tambaye ta labarin ruwan sama a Samaru.

Sunan kamfanin dogo ne, na Turanci, ya cika allo daga wannan gefe zuwa wancan. Mutanen Samaru ba su da lokacin wannan, suka gutsure shi suka bar Limitad. Yaya Skola ta kama ɗan shago kusa da rumfata, ta sa tebur da benci, ta rataye makullai a ƙusoshi.

Ina nan ranar da ta fara kiran sunan kamfanin a ƙofa. Wani gida ne a Hanwa, mai shi an yi masa canjin wurin aiki, kwaɗon ƙofar ya cije, sai ta ɗauke ni a acaɓa in buɗe. Wani malamin makaranta da matarsa ne za su duba. Rana tana tsaka, unguwar shiru, kowa ya shige inuwa. Na gama da kwaɗon na ja baya. Ta ƙwanƙwasa, ta buɗe baki za ta ce "Ni ce," sai ta haɗiye. Ta karanto dogon sunan nan daga farko har ƙarshe, ta ce, "Shi ya kawo baƙi. Duk abin da ya same su a nan, a neme shi."

Daga can ciki muka ji an ja kujera a kan siminti, irin jan da mutum ke yi in an kira sunansa zai miƙe.

Matar malamin ta kama hannun mijinta ta ce, "Akwai mutum a ciki ne?" Muka shiga mu huɗu, muka bi ɗaki ɗaki. Tagogi a rufe, ƙofar baya a kulle ta ciki. Gidan nan ko tabarma babu, balle kujera. Na ce ƙila maƙwabta ne, sauti yakan ratsa bango. Kowa ya yarda da sauri, har da ni mai faɗar. Amma tsigar jikina ba ta kwanta ba sai da muka hau titi.

Shekara ta zagayo lafiya, har na manta. Kasuwa ta buɗe mata, masu gidaje a Sabon Gari suka fi yarda da mai allo da hatimi, ta yi ƙiba, bakinta ya dawo. Ta sa aka yi wa gidanta fenti ruwan ƙwai.

Sai ga wasu ɗalibai mata biyu sun zo shagon wata Talata, ina zaune a bencin muna cin gyaɗa.

"Mama, mun zo kan ɗakin da yaronki ya nuna mana jiya, na layin masu ɗinki. It's okay, wallahi, muna so."

"Wane yaro? Ni ba ni da yaro."

"Na Limitad mana. Ya same mu a bakin get, ya ce ya ji muna neman ɗaki."

Ɗakin da suke magana a kai da mutum a cikinsa, wani tela mai suna Iyke, wanda ita da kanta ta ba shi, kuma bai taɓa cewa zai tashi ba. 'Yan matan suka ce ai sun ga keken ɗinki da katifa, amma mutumin ya ce kada su damu, ƙarshen wata ɗakin zai zama fanko. Har makulli ya ba su. Na karɓa na juya shi a hannu. Sabo ne fil, babu tambarin masana'anta, babu sawun inji ko na magagari a haƙoransa, sumul kamar haka aka haife shi.

Yaya Skola ta ce su kwatanta mata mutumin. Nan fa suka tsaya kallon juna. Farar riga dai, da fayil a hammata. Ɗaya ta ce dogo ne, ɗayar ta ce a'a, bai kai ta ba. Fuska fa? Suka yi ta tunani, sannan ƙaramar ta ce, "Mama, kullum yana gabanmu ne. Ban ga ya juyo ba."

Muka tafi wajen Iyke. Makullin ya buɗe ƙofarsa kamar an shafa mai. Ya yi ta dariya, ya ce ɓarayi ne ke leƙen kekensa, ya sa na canza masa kwaɗo nan take. Maƙwabciyarsa mai tuyar ƙosai kuwa ta ce ta ga shigar 'yan matan da fitarsu, suna ta gyaɗa kai suna tambayoyi. Amma su biyu ta gani.

Kafin watan ya ƙare, Iyke ya faɗi a kan kekensa, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yan'uwansa suka zo suka kwashe shi da kayansa zuwa gida kudu. Ranar da sabon wata ya kama, ɗakin ba kowa.

Ni mutum ne mai taurin kai, ba na son a ce mini abu ba shi da bayani. Na ce dillalan da ta ƙwace wa kasuwa ne ke mata makirci. Na ce Henry ne ya turo wani ya ci da sunan kamfani. Ta kira shi a waya a gabana, yana can cikin ƙarar injin walda a Fatakwal, da ƙyar ma ya tuna yana da kamfani. Kuma wane ɗan damfara ne zai yi ta yawo da mutane cikin rana bai karɓi ko sisi ba? Duk wanda ya nuna wa ɗaki, shagon yake turo shi.

Na biyu a Chikaji ne, ɗaki da falo na wani ma'aikacin masana'anta mai 'ya'ya. Wani direba ya zo da irin makullin nan, da irin maganar nan. Wannan karon ba ta tsaya ba, ta hau acaɓa ta je ta gaya wa mutanen gidan su yi hattara. Matar gidan ta bi ta da zagi har bakin titi, wai tana so ta kore su ne ta sa wanda ya fi su kuɗi. Ana saura kwanaki wata ya mutu risho ya fashe, wuta ta cinye labule da silin, matar ta ƙone a hannu. Ba a rasa rai ba, amma sun tashi. Na uku, na Jushi, ba na son tuna shi. Wata tsohuwa ce mai sayar da manja, ta kwanta hutawa bayan azahar, ba ta tashi ba.

Bayan jana'izar tsohuwar muka koma benen Barista Ayodele. Yaya Skola ba ta ko zauna ba.

"Ɗana, mutumin nan da ka yi mini, ina so ka kashe shi."

Bai yi mata dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ji labarin duka, ya ce a ganinsa wani ne ke sojan gona, kuma ya kamata a kai rahoto. Ta ce a ce wa 'yan sanda su kamo wa, mai farar riga? Rabin Samaru farar riga ce. Sai ya ce zai fara shirin rufe kamfanin, amma ta sani rufewa ta fi buɗewa wuya. Sai Henry ya zo ya sa hannu, sai an yi sanarwa, sai an jira ko akwai mai ƙorafi. Abu ne na wata da watanni.

Ba ta jira ba. Ta sa aka sauke allon, ta faskara shi ta dafa wake da shi. Hatimin ta jefa a rafin Kubanni, ina tsaye a kan gada na ji faɗawarsa. Fada ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki a shagon, a kan tebur da ƙusoshin makullai. Ta so ta koma wajen Baba Chukwuka ta tambaye shi abin yi, amma tsohon ya riga ya rasu. Ta koma faɗin sunanta a ƙofofi kamar da, har da ƙara murya. Sai dai ta gaya mini ba daidai yake da da ba. Da in ta faɗa takan ji kamar an ji ta. Yanzu kuwa kamar tana magana a ofishin da aka riga aka sallami wani kafin ita.

Duk da haka abin ya lafa. Damunar 2006 ta zo ta wuce ba wanda ya zo da makulli. Henry ya yi ta alkawarin zuwa yana ɗagawa. Muka fara cewa ƙila ya ƙare.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci na bi ta gida, don ta ce gwabarta ta nuna in zo in ɗebar wa yara. Muna shan kwanar layinsu na ga ta rage sauri, abin da ban taɓa gani ba. Ƙofar gidanta a buɗe take. Takalma ƙafa biyu a bakin ƙofa, na namiji da na mace, an jera su da ladabi.

A cikin ɗakin kwananta wata yarinya mai ciki tana tsaye a kan kujera tana gwada faɗin taga da igiya. Mijinta yana riƙe da kujerar. Da ya gan mu ya saki fuska ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ke ce mai tashin? Sunana Emenike, ina sayar da kayan mota a Sabon Gari, wannan matata ce Oby. Ki yi haƙuri mun shigo ba kya nan, labule muke so mu ɗinka. Mutumin kamfaninku ya ce ba komai, ya ba mu makulli."

Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya a bakin ƙofa ba. Na ce su fita kafin in tara musu unguwa. Yarinyar ta sauko tana cewa, "Abeg, Baba, ba mu san komai ba." Kuma da gani ka san ba su sani ba. Yaya Skola ta karɓe taɓaryar daga hannuna ta jingine. Ta fita tsakar gida ta zauna a bakin rijiya, ta kira su.

"Ɗana, me ya ce maka?"

"Ya ce gida ne mai kyau, rijiyar ba ta ƙafewa ko da rani. Ya nuna mana ɗakin da ba a yi wa filasta ba, ya ce mai ginin bai samu ya ƙarasa ba. Ya ce ƙarshen wata gidan zai zama ba kowa."

"Ya faɗi inda matar gidan za ta?"

Emenike ya sosa kai. "Na tambaya, Mama. Bai amsa ba, sai ya wuce gaba ya nuna mana kicin."

Yaya Skola ta sa Oby ta zauna a inuwa, ta ɗebo mata ruwa, ta tsinko mata gwaba. Ta ce su je, ta ji, za ta neme su. Da suka fita na rufe ƙofa na fara. Na ce in canza duk kwaɗunan gidan yau ɗin nan. Na ce 'yan ƙungiyar addu'a su zo su tare a nan har wata ya wuce. Na tuna mata gidan nan ba na kamfani ba ne, ko bulo ɗaya ba ta sa a cikinsa ba, Barista da bakinsa ya ce gidanta yana gefe. Na ce saboda gidan nan fa aka yi duk wannan wahala.

Ta bar ni na gama, tana kallon bangon da ta yi wa fenti.

"Sati, ka canza wa Iyke kwaɗo."

Ta juyo ta dube ni, ta ci gaba.

"Duk ɗakin da ya nuna ya zama fanko. Na tela, na Chikaji, na tsohuwa. Bai taɓa faɗin yadda za a yi ba, ranar kawai yake faɗi. To ni ba za a fitar da ni a kwance ba. Gara in fita da ƙafata."

Na yi fushi da ita a ranar, fushi na gaske, har na tafi ban ɗauki gwabar ba. Matar da ta tsaya gaban lauya da alƙali saboda gidan nan, yau za ta bar shi saboda maganar wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Amma da na kwanta na tambayi kaina ko ni zan iya zama in jira ƙarshen watan a ɗakin, ban samu amsa mai daɗi ba.

Sauran kwanakin ta yi su tana mayar wa masu gidaje makullansu, ɗaya bayan ɗaya, daga Samaru har Jushi. Ta rufe shagon. Ta raba kujeru da tukwane ga matan coci, ta ɗaure abin da akori-kura ɗaya za ta ɗauka. Ana gobe wata zai ƙare ta share gidan tas, har ɗakin da ba filasta, ta kira Emenike da matarsa ta ce su shiga. Ba ta yi kuka ba sai da direba ya tayar da mota, ta ga reshen gwabar ta saman katanga. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Ba kotu ta karɓi gidan ba, ba wanda ya sayar da shi, takardunsa har gobe da sunanta. Oby ta haihu lafiya a ciki, suna nan suna kula da shi, sun ma yi wa ɗakin ƙarshe filasta. Henry ya zo daga baya ya sa hannu, Barista ya ƙarasa aikinsa. Tun daga ranar da ta tafi ban sake ganin irin makullin nan a rumfata ba. Ita kuwa ba ta sake taka Zariya ba.

Bayan 'yan shekaru na je biki wajen Zonkwa na ratsa ƙauyensu. Na same ta a gidan wan mijinta, an ba ta wani ɗan ɗaki kusa da rumbu, rufin kwano mai tsatsa, taga kamar tafin hannu. Lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfi, tana noman citta. Ta yi murna da ganina, ta zage ni kan furfurata, ta tambayi kowa da kowa a Samaru. Gidan ne kaɗai ba ta tambaya ba.

Da na ga haka na ce, "Yaya, ga shi ba abin da ya same ki. An rufe kamfanin, komai ya wuce. Ki koma gidanki mana."

"Ba abin da ya same ni don na fita ne, Sati."

Ta rako ni har bakin hanya, ta cusa mini citta a jaka ina cewa ya isa. Mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta riƙe mini hannun riga. Ta waiga ta dubi gidan wan mijin nata, ta rage murya.

"In ka koma, duk wanda ya tambaye ka, ka ce ina ƙauye lafiya. Amma kada ka gaya wa kowa ɗakin da nake kwana."